FASHIN BAƘI: Kafin ka sayi kyamarar kwamfuta a Taba, fara auna hasken ɗakinka da ƙarfin sabis ɗin garinku

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai-tsaye, ba tare da ya bi ta hannun gwamnoni ba. Bayan wata uku, ranar 19 ga Oktoba, aka yi zaɓen shugabanni da kansilolin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Kaduna. Ana iya jayayya kan yadda aka aiwatar da hukuncin, amma dai ya ƙara wa matasan Kudan da Maƙarfi da Ikara ƙarfin gwiwar yin tambayar da ta daɗe tana cin su: nawa ne ya shigo asusun ƙaramar hukuma a wannan wata, kuma me aka yi da shi?

Sayen sa'a guda a gidan rediyo domin yin wannan tambaya ya fi ƙarfin aljihun ƙungiyar matasan ƙauye. Abin da ke hannunta shi ne Facebook da YouTube da Zoom: a gayyato kansila ko wani masanin kasafin kuɗi daga Zariya, a zaunar da shi gaban kwamfuta, 'yan gari da ke ci-rani a Legas da Fatakwal su kalla su aiko da tambaya. Tun lokacin annobar korona wannan hanya ta daina zama wasan yara. Ranar 13 ga Mayu, 2020, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta bidiyo, a watan Yuli na shekarar kuma Kotun Ƙoli ta bayyana cewa zaman kotu ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba. Yau ta wannan ƙofar ake tantance masu neman aiki a ƙungiyoyin agaji da masu neman tallafin karatu a ƙasashen waje. Wanda fuskarsa ba ta fita ba, ko muryarsa ke yankewa, yana iya rasa gurbi tun kafin a ji abin da ke cikin kansa.

A ɗauka kai ne matashin, kana zaune a Taba ko Hunƙuyi ko Paki, ka tara kuɗin rake ko na tumatir ka sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu. Ranar da ka fara kunna kyamarar da ke jikinta, abin da ka gani a allo wata inuwa ce mai hula, hoton cike da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi. Abokai suka ce maganin abin shi ne kyamarar waje, wato wadda ake ɗorawa a saman allo a jona ta da kafar USB. Sun faɗi gaskiya, amma rabinta. A kasuwa za ka tarar da kwalaye iri-iri, kowanne ɗauke da lambar da ta fi ta maƙwabcinsa girma, alhali lambar nan ce ya kamata ta zo ƙarshe a lissafin mutumin Taba. Abin da ke yanke hukunci kan yadda za a karɓe ka a ɗaya ɓangaren shi ne hasken da ke sauka a fuskarka, da ƙarfin sabis ɗin da zai ɗauki hoton, da kuma muryarka, wadda ita ma ba aikin kyamara ba ce.

Abin da lambobin kwali ke faɗa da abin da suke ɓoyewa

Kowane hoto na kwamfuta ɗigo-ɗigo ne aka jera, kamar ɗinkin hula. Idan an rubuta 720p, ana nufin ɗigo 1,280 a kwance da 720 a tsaye, jimilla 921,600. Idan 1080p ne, ɗigo 1,920 sau 1,080 ke nan, wato miliyan biyu da ɗoriya. Wanda ake kira 4K kuwa ya haura miliyan takwas. Da ganin wannan lissafi mutum zai ce ai magana ta ƙare, a sayi mai yawa.

Sai dai a bayan gilashin kyamara akwai wani ɗan faranti da bai kai farcen yatsa ba, ana kiransa sensa, shi ne ke karɓar haske ya mai da shi hoto. Manomin rani zai fi kowa fahimtar aikinsa. Idan ruwan da ke shigowa gona kaɗan ne, yanka ta zuwa fangali dubu ba zai ƙara mata ruwa ba, kowane fangali ɗan laima kawai zai samu. Haka ƙaramin sensa yake idan aka raba shi ɗigo miliyan takwas a ɗaki mai ƙarancin haske: kowane ɗigo ɗan haske kaɗan yake samu, sai kyamarar ta tilasta ƙara masa ƙarfi, wannan ƙarin ne kuma ke haifar da yashin nan da ke ɓata hoto. Shi ya sa kyamarar 1080p mai babban sensa da gilashi na gaske take kayar da mai 4K ta arha da zarar rana ta faɗi. Ba kowane kamfani ke rubuta girman sensa ba, amma idan an rubuta za ka ga lamba irin 1/4 ko 1/3 ko 1/2.8. Gwargwadon ƙanƙantar lambar ƙasa, gwargwadon girman sensan.

Akwai kuma ha'inci tsagwaronsa. Wasu kyamarorin marasa sunan kamfani sensansu bai wuce 720p ba, amma an sa musu wata na'ura da ke miƙe hoton ta cike gurabun da ɗigon ƙarya, sai a buga 1080p ko 4K a kwali. Kamar mai tallar nonon da ta ƙara ruwa ne: ƙwarya ta cika, ɗanɗano ya gudu. Kwamfuta ma tana iya ruɗuwa ta nuna maka babbar lambar, don haka ido ne kawai zai raba gardama, kuma za mu zo kan yadda ake gwadawa.

Tarihin na'urar kansa yana da abin faɗa a nan. Kyamarar da ake ɗauka ita ce ta farko a irin wannan aiki an kafa ta ne a 1991 a sashen nazarin kwamfuta na Jami'ar Kambirij a Ingila, an saita ta a kan butar kofi domin ma'aikata su san ko akwai saura kafin su taso daga ofisoshinsu. Hotonta baƙi da fari ne, ɗigo 128 sau 128. An ɗora ta a intanet a 1993, mutane daga sassan duniya suka yi ta kallon butar har aka kashe ta a 2001. Ta yi shekara goma tana biyan buƙata da hoton da ko wayar da ta fi kowace arha a yau za ta ji kunyar ɗauka.

Ƙofar da hoton zai bi

Ko kyamara ta ɗauki hoto mai kyau, sai ya bi ta turken sabis kafin ya isa ga mai kallo, kuma a nan ne burin mutane da yawa ke karyewa. Saurin intanet iri biyu ne, na saukewa da na aikawa. Wanda muka saba lura da shi, idan muna kallon bidiyo, shi ne na saukewa. Mai yaɗa shiri kai-tsaye kuwa da na aikawa yake rayuwa, kuma a layukan waya kusan kullum shi ne ƙarami.

Kamfanin Zoom ya bayyana cewa kiran bidiyo tsakanin mutum biyu a 720p yana buƙatar megabit 1.2 a daƙiƙa, aikawa da saukewa, a 1080p kuwa megabit 3.8 na aikawa. Bugu da ƙari, 1080p ɗin ba a buɗe shi ga asusun kyauta ba. A Google Meet ma sai a 2023 aka fara ba wasu masu biyan kuɗi wannan dama. Ma'ana, wanda ya sayi kyamarar 4K domin ganawa a asusun kyauta ya sayi babbar mota ne alhali hanyar garinsu ta keke ce: manhajar za ta matse hoton ta rage shi kafin ya fita.

Sai batun data, wanda lissafinsa ba ya buƙatar gwani. Megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin megabait 450 a sa'a guda. Kiran 720p zai ci kimanin megabait 540 wajen aikawa da wani 540 wajen saukewa, wato ya haura gigabait ɗaya. A 1080p, aikawa kaɗai ta kai gigabait 1.7 a sa'a. Idan aka tuna cewa a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashi, ƙungiyar da ke son yin shiri duk mako dole ta zauna da alƙalami kafin ta zauna gaban kyamara.

Saboda haka matakin farko kyauta ne. Ka shiga ɗakin da za ka riƙa aikin, a daidai lokacin da za ka riƙa yin sa, ka auna saurin aikawa da manhajar Speedtest ko shafin fast.com. Lokacin yana da muhimmanci, domin sabis ɗin da ke gudu da hantsi, sa'ad da jama'a ke gona da kasuwa, ba shi ne na bayan isha'i ba, lokacin da kowa ya kwanta da waya a hannu. A gwada layuka biyu ko uku, kwana uku a jere, a ɗauki mafi ƙarancin lambar da aka samu. A ganina bai kamata shiri ya ci fiye da kashi biyu cikin uku na wannan lamba ba, domin sabis yana numfashi, yana hawa yana sauka. Wanda ya samu megabit 2 ko 3 ya san cewa 720p ne rabonsa, kuma babu abin kunya a ciki: a fuskar waya, inda mafi yawan masu kallo suke, 720p mai tsabta ya wadatar.

To me ya sa za a sayi mai 1080p idan a 720p za a yi aiki? Dalili biyu ne. Galibi a wannan ajin ne ake fara samun gilashi da sensa na kirki. Sa'annan ana iya yaɗa shirin a 720p amma a naɗi kwafinsa a cikin kwamfuta da cikakken ingancinsa, a ɗora daga baya idan an shiga Zariya inda sabis ya fi ƙarfi. Domin mai karatu ya samu ma'auni, ba domin talla ba, ga misali daga kamfani guda, Logitech: samfurin C270 yana tsayawa a 720p, C920 da ya fito tun 2012 yana ba da 1080p da hotuna 30 a daƙiƙa, Brio na 2017 kuma yana kai wa 4K. Kasancewar har yau ana sayar da na tsakiyar, bayan fiye da shekara goma, ya nuna inda buƙatar yawancin mutane ta tsaya. Mai 4K yana son kafar USB 3.0, wadda sau da yawa cikinta shuɗi ne, yana kuma son kwamfuta mai ƙarfi. A tsohuwar kwamfuta ta hannu, a watan Afrilu, abin da zai biyo baya shi ne zafi da ƙarar fanka da batirin da zai mutu a tsakiyar magana.

Baƙar fata, farar shadda da tagar da ke bayanka

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ne aka fi yin asarar kuɗi a banza. Kyamara ba ta san wane ne mai muhimmanci a cikin hoto ba. Tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta nemi tsaka-tsaki. Ka sa farar shadda, ka zauna jikin farin bango, ko ka juya wa taga baya, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage shi. Rigar za ta fito fes, bangon zai fito fes, fuskarka kuwa, da yake ita ce mafi duhu a wurin, sai ta nutse. Ido da haƙora kaɗai za a riƙa gani. Wannan matsala ta fi cin masu duhun fata, kuma tsohuwa ce: shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin hotunansa da katin da ke ɗauke da hoton farar mace. Na'urorin yau sun ci gaba, amma kyamarar arha har yanzu tana faɗawa wannan rami cikin sauƙi.

Maganin farko ba ya cin ko kwabo. A juya kujera, a fuskanci taga ko ƙofa, hasken ya sauka a fuska maimakon ƙeya. A zaure ko shago, hasken safiya da na la'asar da ke shigowa ta ƙofa ya fi fitilu da yawa na sayarwa kyau, domin yana da taushi. Ranar tsaka a fili kuwa abokiyar gaba ce, tana sa inuwar hula ta rufe ido. A ranar shiri a ajiye farar riga a sa mai launi matsakaici, shuɗi ko ruwan ƙasa ko ruwan toka. Yadi mai ƙananan layuka da hula mai sarƙaƙƙiyar ƙira suna sa hoto ya riƙa rawa, suna kuma ƙara wa sabis nauyi, domin manhaja tana wahalar matse abin da ya cika ƙyale-ƙyale. Bango mara ado yana rage wannan nauyin.

Da dare sai fitila. Ƙwan da ke rataye a tsakiyar rufi yana haska saman hula ne kawai. Abin da ake so shi ne fitila a gaban fuska, sama da ido kaɗan, ta ɗan karkata gefe guda. Fitilar caji ta gida tana yin aikin idan aka yafa mata farin ƙyalle mara kauri ko aka haska ta a farin bango hasken ya dawo. Fitilar zobe da ake sayarwa tana da amfani, amma masu tabarau su sani zoben zai bayyana a gilashinsu.

Akwai wani abu kuma da ke rikita mutane har su mayar da kyamara shago suna cewa ta lalace: layuka masu duhu da ke yawo a kan hoto idan an kunna fitilar lantarki. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa sau 60. Fitilu da yawa suna ƙyaftawa daidai da wannan juyi, da saurin da ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Idan an saita kyamarar domin kasuwar Amurka, sai lissafinta ya saɓa da na fitilarmu. Gyaran shi ne a shiga saitin kyamarar a mai da lambar daga 60 zuwa 50. Ƙaramin janareta ba ya riƙe 50 ɗin daram, don haka ko an gyara layukan suna iya dawowa. Fitilar batir ko ta sola galibi ba ta da wannan ciwo, ga kuma fa'ida ta biyu: ba ta mutuwa idan an ɗauke wuta. Wanda ya ga yadda Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu a ƙarshen Oktoban 2024, bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ita kyamarar ba ta cin wuta, domin kafar USB 2.0 ba ta ba da fiye da wat biyu da rabi. Kwamfutar da fitilar da na'urar sabis su ne za a yi wa tanadi.

Daga wannan duka siffa guda ta fito wadda nake ganin ta fi yawan ɗigo daraja: kyamarar da za ta bar ka ka saita haskenta da hannu ka kulle shi. Idan tana karɓar wannan umarni, za ka ɗaga hasken har fuska ta fito, ko da bangon ya ɗan ƙone, kuma ba za ta riƙa sauya ra'ayi duk lokacin da ka motsa hannu ba. Manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce kuma da ita masu yaɗa shiri da yawa ke aiki, tana buɗe wannan saiti ga kyamarorin da ke da shi.

Sauran siffofin ba sa buƙatar dogon zance. Faɗin gani ana auna shi da digiri: wajen 60 zuwa 65 na mutum ɗaya ne, 78 yana ɗaukar biyu idan sun matsu, 90 kuma na teburin tattaunawa ne, amma zai kwaso duk tarkacen ɗakin. Hotuna 60 a daƙiƙa na masu wasan kwamfuta ne da ƙwallo. Mai zama yana magana 30 ta ishe shi, kuma 60 tana son haske ninki biyu. Kyamarar da ke saita ganinta da kanta tana da amfani idan za ka riƙa ɗaga takardar kasafin kuɗi kana nuna wa masu kallo, sai dai a duhu takan yi ta lalube, hoto ya dushe ya dawo. Mai gani a kafe ba ta wannan laluben, amma ba za ta karanta takarda a kusa ba.

Murya

Mai kallo yana haƙuri da hoto mai hazo, amma ba ya minti biyu a kan muryar da ba ya ji. Makirfon da ke jikin kyamara yana nesa da baki da kusan kamu biyu, kuma yana kwasar komai daidai wa daida: janaretan maƙwabci, injin markaɗe, babur, akuya, amsa-kuwwar ɗakin siminti mai rufin kwano. Kwalin zai ce yana rage hayaniya, kada wannan ya shiga lissafinka. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, ko ma abin sauraren waya mai igiya, zai fi shi nesa ba kusa ba, saboda kawai yana kusa da baki. Darduma a ƙasa da labule a bango suna shanye amsa-kuwwa. Idan baƙo yana magana daga wani gari, dole mai gabatarwa ya sa abin saurare a kunne, in ba haka ba muryar baƙon za ta fito daga lasifika ta koma cikin makirfo.

Da za a tambaye ni yadda ƙungiya mai ƙaramin ƙarfi za ta raba kuɗinta, zan ce makirfo da fitila su fara fita, abin da ya rage shi ne kuɗin kyamara. Ban sa farashi a nan ba da gangan, domin kayan na waje ne, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023 farashin wata uku baya ya zama labari.

Wataƙila ma kyamarar tana aljihunka

Gaskiyar da mai shago ba zai so a faɗa ba ita ce, kyamarar bayan wayar Android mai matsakaicin kuɗi sau da yawa ta fi kyamarar kwamfuta ta arha. Manhajoji irin DroidCam da Iriun suna mai da waya ta zama idon kwamfuta. Tsarin Android 14 ya zo da wannan dama a wasu wayoyi ta igiyar USB ba tare da wata manhaja ba, Windows 11 ma yana iya jona wayar Android domin wannan aiki, masu iPhone da kwamfutar Mac kuma sun samu nasu tun 2022. A jona da igiya ya fi a dogara da iska.

Amma dabarar tana da kuɗinta. Waya tana zafi idan ta yi sa'a guda tana ɗauka tana caji, kira yana iya shigowa ya katse shiri, kuma a gidaje da yawa wayar nan guda ita ce ke ba kwamfutar intanet. Ga wanda ganawa ɗaya ce a gabansa, ta neman aiki ko ta karatu, waya da sanda mai ƙafa uku sun ishe shi, kada ya sayi komai. Ga ƙungiyar da za ta riƙa shiri kowane mako, kyamarar da ke zaune a wurinta, an saita ta an kulle, ta fi kwanciyar hankali.

Idan an je saye

Mutumin wannan yanki zai nufi shagunan PZ a Sabon Garin Zariya, ko ya hau mota a Tashar Yari ya wuce kasuwar Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko ya yi oda ta intanet. Ko'ina ne, akwai na gaske akwai jabu, kuma samfurin da ya fi suna shi aka fi kwaikwayo. Ka tafi da kwamfutarka. Kyamara ta kirki tana bin ƙa'idar da ake kira UVC, wato da an jona ta take aiki ba tare da an loda komai ba. Wadda aka ce sai an sauke mata wata manhaja daga shafin da ba a sani ba, a bar ta a wurin.

Gwajin ba ya wuce minti biyar. Ɗaga takardar naira ko jarida a nisan kamu ɗaya ka ga ko ƙananan rubutu suna karantuwa. A nan mai ɗigon ƙarya ke tonuwa, domin haruffan za su narke. Kaɗa hannu da sauri ka ga ko yana barin inuwa a baya. Sa'annan, mafi muhimmanci, ka matsa zuwa lungun shagon da ya fi duhu ka dubi fuskarka, domin shago mai fitilu goma ba ɗakinka ba ne. Duba ko akwai ramin ɗaura ta a kan sanda a ƙasanta, ko igiyar tana da tsawo, ko maƙallin yana riƙe allo da kyau. Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan samfurin da lambarsa, ku kuma yi magana a fili kan kwana nawa za a iya dawo da ita. Ta hannu ba laifi ba ce idan gilashin bai karce ba kuma igiyar ba ta karye daga gindi ba. Bayan an kawo ta gida, ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabarta: a rufe ta idan ba a aiki, a goge gilashin da ƙyallen tabarau, ba da bakin riga ba.

Murfin gilashi yana da wani amfanin da ya wuce ƙura. Ana iya kutsawa cikin kwamfuta a kunna kyamara ba da sanin mai ita ba. A 2016 an ga hoton Mark Zuckerberg na Facebook da tef manne a kan kyamarar kwamfutarsa, James Comey da ke shugabantar hukumar FBI a lokacin ma ya ce yana rufe tasa. Kyamarar waje tana da sauƙi a nan, domin zare igiya ya gama magana. Abin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne abin da ke bayan mai magana. Kyamara mai faɗin gani a cikin gida tana iya kwaso tsakar gida da matan gida da yara waɗanda ba a nemi izininsu ba, ko ta nuna wa wanda sukarka ta ɓata wa rai ainihin inda kake kwana. Mai tambayar inda kuɗin jama'a suka shiga ya kamata ya dubi kusurwoyi huɗu na hotonsa kafin ya danna maɓallin farawa.

Sai batun kwafi. Tun daga 19 ga Fabrairu, 2025, Facebook yana goge bidiyon da aka yaɗa kai-tsaye bayan kwana 30. Idan kansila ya yi alkawarin gyara kwalbatin hanyar kasuwa kafin damina, ranar da za a buƙaci bidiyon wata shida ce ko shekara a gaba, lokacin da shafin ya riga ya share shi. OBS Studio yana iya yaɗawa yana kuma naɗa a lokaci guda, maɓallan biyu suna kusa da juna. A danna duka biyun, a rubuta kwanan wata da sunan baƙo a kan fayil ɗin, a ajiye kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filashi a hannun wani ɗan ƙungiyar daban.